Makullin Shagon Hajiya Tumba

Alhaji Nomau ya tare ni bakin Shagon Goro,
ya sauke gilashin mota, sanyi ya bugi fuskata.
Ya ce, "Arzika, nawa Tumba ka ba ka ga wata?
Taho wurina in ninka, in ɗora maka babur."
Na ce sai na yi shawara,
ban dai ce masa a'a ba.

Daren nan juyi na kwana yi.
Mai gidanmu na Mabera ya ƙara kuɗin haya,
Ige na da ciki wata bakwai,
ninki kuwa ba wasa ba.

Sai na tuna makon da na soma,
hannu na rawa, na saki batirin sola kan siminti.
Ruwansa ya malala har ƙofa, ga masu ciniki tsaye.
Hajiya ta dubi ƙafata kafin ta dubi kayanta,
ta ce, "Bai taɓa ka ba ko? Ɗebo yashi."
Sai bayan la'asar, daga ni sai ita,
ta wanke ni tas da faɗa,
amma ba a gaban kowa ba.

Na ba wani mutumin Acida bashin fanka shida,
ya shige kamar an shuka dusa.
Ta raba asarar biyu, ta ɗauki rabin da ya fi nauyi,
ta ce, "Ni ma na ga fuskarshi, ni ma na yarda."
Ba ta sake tada zancen ba.

Ran Alhamis littafi a buɗe yake kan tebur,
kowa ya ga cinikinsa, kowa ya ga la'adarsa,
har Cika mai dako yana bin layinsa da yatsa.
In rana ta take, kwalta ta soma laushi,
mukan ja ƙofa rabi, mu kewaye ƙwaryar fura,
ita ma da ludayinta cikin namu,
ba a ware mata kwano ba.

Kar in yi ƙarya, tana da nata.
Minti biyar ka makara, sai ka ji tarihin kakanka.
Mu ke sayar da fanka ga rabin garin nan,
tamu ta shago wata uku tana gurnani
ba ta yarda an sauya ba.

Da Modi ya ce zai tafi, ba ta ɗaure fuska ba.
Ta loda masa kaya a akori-kura zuwa Illela,
ta ce ya biya in ya sayar.
Yau shi ke turo mana 'yan Ƙonni,
bai zama kishiyar shago ba.

Shi kuwa Nomau, daga Sallah zuwa Sallah
na ƙirga yara bakwai a bakin kantarsa.
Da magariba akan laluba aljihunsu a ƙofa,
kowannensu sunansa "Kai".
To ya aka yi ya san nawa?
Can cikin dare na gane:
lambobin da ke wayata yake zawarci,
masu gidajen Arkilla da 'yan kwangilar Kalambaina,
ba ni ba.

Da safe na faɗa mata komai.
Ta yi shiru, ta jawo littafin, ta juyo shi gabana.
"Ninki ba ni da shi, duba da idonka.
Ga abin da zan iya, ragon suna kuma nawa ne."
Abin da ta ƙara bai kai rabin na Nomau ba.

Na tsaya ina juya makullin a aljihu.
Shekara shida yana kwana gidana,
ya huda mini riguna uku.
Wata mata ta leƙo tana tambayar kuɗin fitila,
na ji bakina ya riga ni amsawa.
Hajiya ta ce, "A kai fankar nan gyara."
Har yau ba a kai ta ba.